Ruwa ya shiga daɓen katako: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Daɓen katako bai yawaita a gidajenmu kamar tayil ko siminti ba, amma akwai shi a wasu tsofaffin gidajen gwamnati da na jami'o'i, da sabbin gidaje a Abuja da Legas, da gidajen da 'yan'uwanmu ke zaune a Ingila da Amurka da Kanada. Duk wanda ruwa ya shigar wa irin wannan daɓe, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan.

Ruwa ya malale a ɗaki yanzun nan. Da me zan fara?

Idan ruwan ya kai inda soket yake ko ya taɓa wata waya da ke ƙasa, a kashe wuta daga babban makunni kafin a taka cikinsa. Sannan a tare ruwan daga inda yake fitowa: a rufe famfon da ke gindin tanki, ko a kashe injin wanki, ko a tara bokiti inda rufi ke yoyo. Kwashe ruwa famfo na zuba aikin banza ne.

Daga nan a fitar da kafet da darduma da leda da duk abin da ke shimfiɗe, domin su ne ke riƙe ruwa a kan katako. Kujeru da gadaje masu ƙafar ƙarfe a ɗage su, in ba za su ɗagu ba a sa musu leda a ƙarƙashin ƙafa, saboda ƙarfe da jiƙaƙƙen katako suna haifar da baƙin tabo cikin dare ɗaya. A kwashe ruwan da mofa da tsofaffin tawul, ana bin tsawon falanki. Wanda ke da injin shara mai zuƙar ruwa ya ɗora bakinsa a kan mahaɗar falankaye ya bar shi ya ɗan jima, zai ga ruwa na ci gaba da fitowa daga tsakani ko bayan sama ya bushe. Kafin a gama kwashewa a ɗauki hotuna. Amfaninsu na cikin amsar tambayar masu haya.

Kofi ɗaya ne ya zube, na kuma goge nan take. Akwai damuwa?

Babu. Folish ɗin da ke saman katako yana tare ruwa na ɗan lokaci. Abin da ke ɓarna shi ne ruwan da ya kwana, ko wanda ya sulale ta mahaɗa ya shiga ƙarƙashi, ko ɗigon da ke sauka wuri ɗaya kullum ba a lura ba.

Me ya sa ruwa ke lalata katako har haka, alhali an busar da shi kafin a shimfiɗa?

Katako ko ya shekara hamsin da yankewa bai daina shan danshi da fitar da shi ba. A ɗakin da laimar iska take tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, danshin katako yakan tsaya a kashi 6 zuwa 9. Idan laimar ta kai kashi 80, katakon yakan haura zuwa wajen kashi 16. Duk lokacin da danshinsa ya ƙaru sai ya kumbura, kuma a faɗi yake kumbura, tsawonsa kusan ba ya motsi. Kumburin yana ci gaba har sai danshi ya kai wajen kashi 28 zuwa 30, inda jijiyoyin katakon suka ƙoshi.

Ga lissafi don a ga girman abin. A ɗaki mai faɗin mita 4 da aka shimfiɗa wa katakon ok, irin wanda ya fi yawa a Turai da Amurka, idan danshi ya ƙaru da maki 5 kacal, faɗin daɓen gaba ɗaya zai nemi ƙaruwa da kusan santimita 7. Katakon tik da na loko sun fi haƙuri, motsinsu wajen rabin haka ne, amma ko santimita 3 da rabi ba ta da wurin zuwa idan tazarar da aka bari a gindin bango ba ta wuce ɗaya da rabi ba. To, ƙarfin da ya rasa hanya shi ne ke matse gefunan falankaye, ko ya ɗaga daɓen sama.

Ta yaya zan gane irin ɓarnar da ta samu daɓena?

Da daddare a kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a ƙasa haskenta na ratsa faɗin falankaye. Inuwa za ta nuna abin da ido bai gani da rana ba. Sai a ɗora dogon rula na ƙarfe a gicciye. Idan rular ta zauna a kan gefuna, haske na wucewa ta tsakiya, falankin ya lotsa kamar kwami. Ma'anarsa ƙasansa ya fi samansa danshi, wato ruwan yana ƙarƙashi. Wannan ita ce ɓarnar da aka fi gani, kuma ita ce ta fi saurin warkewa da kanta.

Idan kuwa rular na lilo a kan tsakiya, gefuna sun sauka, falankin ya yi doro. Ruwan da ya daɗe a sama na iya jawo haka, amma yawanci gaggawar gogewa ce, kamar yadda za a gani a gaba a amsar tambayar kafinta da injin gogewa. Mafi muni shi ne bankarewa: daɓen ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa ya yi tudu, wani lokaci har ƙofa ta ƙi buɗuwa. A nan ba a jira, sai an cire falankaye. A kuma ƙwanƙwasa wurare da bakin guduma a hankali. Inda sauti ya fito kamar na ganga, gam ya saki.

Ban ga ruwa ya zube ba, amma katako ya lotsa. Daga ina danshin yake?

Wurin da lotsawar take shi ke tona asiri. Idan a gindin bangon da na'urar sanyaya ɗaki take ne, a duba bututun da ke fitar da ruwanta. Da damina irin wannan na'ura tana iya tara ruwa lita ɗaya ko fiye a sa'a, kuma da ƙura ta toshe bututun sai ruwan ya biyo bango. Idan a bakin banɗaki ko kicin ne, a duba gindin masai da ƙarƙashin wurin wanke-wanke da bayan firiji da tiyon injin wanki. Idan a ƙarƙashin taga ne, feshin ruwan sama ne. Idan kuwa duk ɗakin ne ya lotsa bai-ɗaya, babu wurin da ya fi wani, to daga siminti danshin ke tasowa, sai a duba amsar ƙarshe.

Mai zargin fayif ɗin da ke binne a bango ko a ƙasa ya yi wannan gwaji: da dare a cika tankin sama, a rufe duk famfunan gida, a sa alama a inda ruwa ya tsaya, kada kowa ya kora masai. Da safe in ruwa ya sauka, akwai yoyo. A gidan da ke da mitar ruwa, a rubuta lambar da dare a sake karantawa da safe.

Yaya ake busar da shi daidai?

Abin da ya kamata a riƙe shi ne folish ya rufe saman katako, don haka danshin da ke ƙasa ba shi da hanyar fita sai ta mahaɗa da gefen bango. Aikin busarwa buɗe masa hanya ne. A ɓalle katakon gindin bango a kewayen wurin da ya jiƙe, a rubuta lamba a bayan kowanne don a san mazauninsa. Idan falankaye sun matse bango, a cire layi ɗaya na gefe, ko a yanke santimita ɗaya zuwa biyu daga gefen. Wannan yana sassauta matsi, yana kuma ba iska ƙofa. In ruwa da yawa ne ya shiga, a cire falanki ɗaya ko biyu a tsakiyar wurin ma.

A jera fankoki na ƙasa suna hura iska a saman daɓe dare da rana. Sai dai fanka motsa iska kawai take yi, ba ta rage danshin da ke cikinta. Da damina, idan aka buɗe taga iska mai laima ce za ta shigo, don haka gara a rufe ɗakin a kunna na'urar zuƙe danshi, a riƙa zubar da ruwan da ta tara. In babu ita, na'urar sanyaya ɗaki na yin wannan aiki gwargwado. Burin shi ne laimar ɗakin ta sauka ƙasa da kashi 50; ƙaramin ma'aunin laima ba shi da tsada. Idan da janareta ake aikin, a ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Idan akwai fili a ƙarƙashin daɓen, kamar a gidajen Turai da Amurka da ake ɗora shi a kan azara ta katako, a busar daga ƙasan ma. Kamfanonin da wannan ne aikinsu suna da tabarmin roba da ake mannewa a kan daɓe, inji na zuƙo danshi ta mahaɗa. Inda ake samunsu, kuma wurin ya wuce ɗaki ɗaya, kiran su a kwana na farko ya fi araha a kan sabon daɓe.

Zan iya sa kaskon gawayi ko hita don ya yi saurin bushewa?

A'a. Zafi mai ƙarfi yana busar da sama ya bar ƙasa a jiƙe, wato yana ƙara bambancin da ya jawo lotsawar tun farko, sannan saman ya tsattsage, folish ya ɓare. Gawayi a rufaffen ɗaki kuma haɗari ne ga rai. Falankayen da aka cire ma kada a shanya su a rana. A jera su a inuwa, a sa siraran sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a danne saman da bulo.

Hunturu yana da irin wannan haɗari. A Kano ko Sakkwato laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 a watannin Disamba zuwa Fabrairu. Taimako ne, amma kada a wage tagogi iskar ta yini tana dukan jiƙaƙƙen katako a kwanakin farko. A buɗe kaɗan, a ƙara a hankali.

Kwana nawa zai ɗauka, kuma ta yaya zan san ya bushe?

Sama yana bushewa a kwana biyu ko uku, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Cikin katako da abin da ke ƙarƙashinsa suna ɗaukar makonni, siminti kuwa yakan kai watanni. Tafin hannu ba ya auna wannan, sai ma'aunin danshi. Iri biyu ne: mai allura biyu da ake sokawa, da wanda ake ɗorawa a sama kawai. Mai allura ya fi amfani a nan, saboda za a iya auna kusa da sama da kuma can ciki, a ga bambanci.

Kada a bi wata lamba da aka karanta a wani wuri. A auna katako a wani ɗaki na gidan da ruwa bai taɓa ba, shi ne mizani. A zaɓi wurare biyar ko shida a inda ya jiƙe, a manna ɗan salatif a kowanne, a riƙa aunawa duk bayan kwana uku ana rubutawa. Idan lambobin sun dawo kusa da na busasshen ɗakin, da bambancin da bai wuce maki 2 ba, suka kuma tsaya a haka mako biyu, ya bushe. Inda filawud ne a ƙasa, a auna shi ma: bambancinsa da falanki kada ya wuce maki 4 ga siraran falankaye, ko maki 2 ga masu faɗin santimita 7.5 zuwa sama.

Kafinta ya ce a kawo inji a goge yanzu ya miƙe. In yarda?

Kada ka yarda, ko da kafintan ƙwararre ne. Wannan kuskure ɗaya ya fi lalata daɓe a kan ruwan kansa. Falankin da ya lotsa gefunansa ne a sama, don haka inji gefunan zai ci har su yi daidai da tsakiya. Ranar za ka ga daɓe sumul. Bayan wata biyu ƙasan ya bushe, falankin ya koma siffarsa, sai gefunan da aka cinye su sauka, tsakiya ta yi doro. Sai an sake gogewa, kuma katako mai kaurin milimita 19 naman da ke saman harshensa, wato ɗan bakin da ke shiga ramin falankin kusa, wajen milimita 6 ne kawai. Kowace gogewa tana rage shi, in ya ƙare sai kawunan ƙusa su bayyana.

A jira ma'auni ya nuna an bushe, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata. Sau da yawa lotsawar tana sauka da kanta har ba a buƙatar inji. In ta rage, sai a goge da samfefa mai lamba 36 ko 40, sannan 60, sannan 80, a ƙarasa da 100, ba a tsallake fiye da mataki ɗaya. A share ƙura tas, a shafa folish sau biyu ko uku. Ƙurar loko tana sa ƙaiƙayi da tari, a sa takunkumi. Tik kuma yana da mai, a goge shi da tsumma mai tina kafin folish, in ba haka ba ba zai kama ba.

Akwai farin tabo a wani wuri, baƙi a wani. Magani ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Farin tabo mai kama da hazo danshi ne da ya maƙale a cikin folish, bai kai katako ba. Yakan ɓace cikin kwanaki. In ya ƙi, a goge wurin sama-sama da samfefa mai laushi sosai a sake folish.

Baƙin tabo ya shiga naman katako. Ruwa ne ya haɗu da sinadarin tanin da ke cikin itacen, musamman ok, da kuma ƙarfen ƙusa ko ƙafar kujera. A kankare folish ɗin wurin, a narka hodar asid ɗin okzalik a ruwan ɗumi bisa ma'aunin da ke jikin robar, a shafa a falankin gaba ɗaya don kada launi ya bambanta, a bari ya bushe. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku. Daga nan a goge da ruwan da aka narka bekin soda cokali biyu a lita ɗaya, a sake gogewa da ruwa zalla, a bar shi kwana biyu. Hodar asid ɗin guba ce, a sa safar hannu da tabarau, a nesanta ta da yara. Tabon da ya ƙi bayan sau uku ya yi zurfi, gara a canza falankin.

Ɗakin yana warin ruma. Funfuna ce?

Mai yiwuwa. Funfuna tana iya kamawa cikin sa'a 24 zuwa 48 a wurin da ya jiƙe, kuma a ƙarƙashi take farawa, shi ya sa hanci ke rigan ido. A ciro falanki ɗaya a duba bayansa. Idan wurin bai kai murabba'in mita ɗaya ba, mutum na iya wankewa da kansa da buroshi da ruwan omo, sanye da takunkumi mai kyau da safar hannu, sannan a busar. Bilic yana gusar da launi amma ba ya shiga cikin katako, kuma kada a taɓa haɗa shi da wani maganin wanki, musamman mai amoniya. Idan wurin ya fi haka faɗi, ko akwai mai asma ko jariri a gidan, a fitar da su a kira masu sana'ar.

A soka sukundireba a bayan falankin. In ta nutse, katakon ya ruɓe. A duba layukan ƙasa da gara ke ginawa, domin jiƙaƙƙen katako a kan siminti abincinta ne.

Ruwan ambaliya ne ya shigo, ko sokawe ya cika ya dawo. Za a iya ceto daɓen?

Da wuya. Ruwan ambaliya, irin wanda ya mamaye Maiduguri a Satumba 2024 bayan fashewar madatsar Alau, yana ɗauke da najasa da taɓo da mai, kuma duk suna kwanciya a ƙarƙashin falankaye inda tsumma ba ya kaiwa. Dole a ɗage daɓen. Laminet, wato daɓen matsattsen garin katako, da filawud da soson ƙarƙashi a zubar. Katako zalla mai kauri, musamman loko da tik da maɗaci, ana iya wanke kowane falanki gaba da baya, a kashe ƙwayoyin cuta, a jera a inuwa ya bushe, a zaɓi masu kyau a mayar. A wanke simintin ma da ruwan bilic kafin ya bushe.

Ta yaya zan san irin daɓen da nake da shi, kuma me ya sa hakan ke da muhimmanci?

A duba gefen falanki a bakin ƙofa ko inda aka cire katakon gindin bango. Katako zalla abu ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma shi ya fi yafiya. Wanda aka yi hawa-hawa yana da katakon gaske siriri a sama, daga ƙasa da milimita ɗaya zuwa wajen 6, a kan filawud. Bai cika lotsawa ba, amma in ruwa ya daɗe hawa-hawan suna rabuwa, kuma wanda samansa bai kai milimita 2 ba ba ya ɗaukar inji. Laminet hoton katako ne a kan matsattsen garin katako; da gefensa ya kumbura ba ya komawa, sai canji.

Akwai kuma ƙananan gutsattsarin katako da ake jerawa kamar saƙar tabarma a tsofaffin gidaje. Ruwa na sa su saki ɗaya bayan ɗaya. A tattara su kada a zubar, domin samun irinsu yanzu wahala ne. Idan baƙin gam mai kama da kwalta ne a ƙarƙashinsu, kada a goge shi da inji, saboda wasu tsofaffin irinsa suna ɗauke da asbestos.

Yaya ake canza falanki ɗaya a tsakiyar ɗaki?

A saita zarton lantarki daidai kaurin falankin, kada ya wuce. A yi yanka biyu a tsawonsa, kowanne santimita biyu daga gefe, a haɗa su da yanka a karkace, a ciro tsakiyar da kurfi, sannan a zare gefunan a hankali don kada a fasa harshen na kusa. A share tsohon gam da ƙusoshi. Sabon falanki a yanke masa leɓen ƙasa na ɓangaren rami, a shafa gam, a zura harshensa, a danne da nauyi har kwana ɗaya. Sabon katakon ya kwana a cikin ɗakin aƙalla mako guda tukuna. Wanda ke son launi ya dace ya ciro tsohon falanki daga cikin wadirob ko ƙarƙashin gado ya sa a fili, sabon ya tafi can.

Bayan ya bushe giɓi ya bayyana tsakanin falankaye. In cike?

Lokacin kumburi gefuna sun matse juna har jijiyoyinsu suka murƙushe, don haka da suka bushe ba su koma faɗinsu na da ba. Amma kada a cike da hunturu. A lokacin ne katako ya fi tsukewa, kuma abin da aka cusa damina za ta matso shi waje ko ya fasa gefen. A jira a ga giɓin da ya rage a watan Agusta, shi ne na gaske. Ƙarami a cike da garin katakon da aka kwaɓa da gam, babba a sassaƙa siririn katako a manna.

Gidan haya nake. Wa zai biya?

Ya danganta da yarjejeniya da kuma inda ruwan ya fito. A al'ada rufi da fayif ɗin cikin bango na mai gida ne, famfon da aka manta a buɗe kuwa na ɗan haya ne. A sanar da mai gida ko wakilinsa a rubuce a ranar, da hotuna. Mai inshora ya kira kamfanin kafin a cire komai, ya ajiye rasit da falankayen da suka lalace da takardar awon danshi. Yawancin inshorar gida ta fi karɓar ɓarnar da ta faru farat ɗaya a kan yoyon da aka daɗe ana kallo, ambaliya kuma sau da yawa tana da nata sharaɗi dabam.

Kafin a mayar da katako a kan siminti, me za a tabbatar?

A yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a manne ta a kan simintin da salatif ta kowace kusurwa, a bar ta aƙalla sa'a 16. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko simintin ya yi duhu, bai bushe ba. A yi haka a wurare uku ko huɗu, ɗaya a gindin bangon waje. Rashin raɓa ba hujja ce cikakkiya ba, don haka a babban aiki a nemi mai na'urar auna danshin kankare. Idan raɓar na dawowa ko da rani, ba a sa leda a ƙarƙashin kankaren ba lokacin gini, ko ruwan indararo na taruwa a gindin bango. A gyara magudanar waje, a shafa wa simintin maganin tare danshi da ya dace da gam ɗin da za a yi amfani da shi, ko a shimfiɗa leda mai kauri a ɗora bakin kowace a kan 'yar'uwarta da santimita 20. A bar tazarar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin katako da bango ta kowane gefe, har da bakin ƙofa da kewayen fayif, katakon gindin bango zai rufe ta.